TARIHIN GIRAFIN: Baƙin Da Ake Ƙonewa A Matatar Mai, Da Yadda Ya Koma Abin Nema A Duniya

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau a kan girafin za mu yi magana. Wasunku sun taɓa cin karo da sunan a tallan batir ko na waya, ana cewa abu ne da ya fi ƙarfe ƙarfi, ya fi takarda sirantaka. To, mu abin da za mu bi shi ne tarihin yadda aka koyi shuka shi a kan ƙarfe, daga iskar gas. Labarin ya ratsa Amurka da Ingila da Koriya ta Kudu, amma za ku ga cewa farkonsa yana da dangantaka da wani aiki da aka yi shekaru ana yi a nan kudancin kogin Kaduna, ba tare da kowa ya kira shi da wannan suna ba.

MENE NE GIRAFIN?

Ɗauki fensir ka dubi bakinsa. Mutane da yawa suna zaton dalma ce a ciki. Babu dalma ko kaɗan. Girafayit ne aka cuɗa da yumɓu, shi kuwa girafayit kabon ne zalla, ɗan uwan gawayi. Bambancinsa da gawayi shi ne tsari. A cikin girafayit, ƙwayoyin zarra na kabon sun jeru falle-falle kamar takardun littafi, kuma kowane falle saƙa ce mai kusurwa shida-shida, irin ta saƙar zuma. A cikin falle ɗaya riƙon yana da ƙarfi ƙwarai, amma tsakanin falle da falle riƙon sako-sako ne. Shi ya sa in ka goga fensir a takarda, fallayen ke zamewa su bar maka rubutu.

To, in ka iya zare falle ɗaya tak daga wannan littafi, shi ne girafin. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya. Sai ka jera kusan falle miliyan 3 kafin ka sami kaurin milimita ɗaya. Yana ɗaukar wutar lantarki, yana ɗaukar zafi fiye da jan ƙarfe, kuma kashi 2.3 cikin ɗari kawai na haske yake tarewa, saura duk ya wuce. A 2008 masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York suka auna ƙarfinsa, suka tarar ya ninka na ƙarfen gini fiye da sau 100 in kaurinsu ɗaya.

A kan takarda an daɗe da saninsa. Tun 1947 wani masanin Kanada, Philip Wallace, ya yi lissafin yadda lantarki zai gudana a cikin falle ɗaya na girafayit. Sunan girafin kuwa wani Bajamushe ne, Hanns-Peter Boehm, da abokan aikinsa suka raɗa masa a 1986. Amma lissafi daban, riƙe abu a hannu daban.

MU TSALLAKA GADA

Yanzu mu dawo gida. In ka tsallake gadar kogin Kaduna ka nufi kudu, ka shiga yankin da aka gina don masana'antu. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. A nan aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, a nan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. In ka ƙara gaba ta hanyar Kachia, sai ka hango dogayen hasumiyoyin matatar man Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka ƙaddamar da ita a 1980, daga baya aka ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 110,000 a rana.

A matata irin wannan akwai sashen da aikinsa shi ne ɗaga ingancin fetur. Ana tura tururin mai, da zafin da ya kai wajen digiri 500, ya bi ta cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da aka yayyafa wa ƙarfen filatinum. Wannan filatinum ɗin shi ake kira katalis. Ku ɗauke shi kamar dillali a kasuwa: shi ba ya saye, ba ya sayarwa, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa da wuri. Tururin mai ya sauka a fuskarsa, ya sake tsari, ya tashi, wani ya zo.

Matsalar ita ce wani lokaci tururin yakan farfashe fiye da yadda ake so, haidurojin ya tashi ya bar kabon manne a fuskar filatinum. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har baƙin ya rufe fuskar dillali, ciniki ya tsaya. Injiniyoyi suna kiran wannan baƙi kok. Maganinsa shi ne a shigar da iska a hankali a ƙone shi, katalis ya farfaɗo. Matatun mai a duniya suna wannan fama, ta Kaduna ma ta yi shi lokacin da take aiki.

Yawancin kok a hargitse yake, kamar baƙin gindin tukunya. Amma wani ɓangarensa yakan kwanta a jere, saƙar zuma sak, irin ta girafayit. Wato dai abin da daga baya aka kashe biliyoyi wajen nema, a wancan lokacin datti ne da ake biyan mutane albashi su kawar.

WAƊANDA SUKA TSAYA SUKA DUBI DATTIN

Tunda kok yana jawo asarar kuɗi, sai masana suka shiga binciken yadda yake samuwa, don su hana shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gabor Somorjai, ɗan ƙasar Hangari da ya yi hijira zuwa Amurka bayan rikicin 1956, ya zama malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1968 shi da abokin aikinsa Morgan suka sa iskar gas mai kabon a kan tsabtataccen filatinum, suka zafafa, suka harba masa ƙwayoyin lantarki don su ga tsarin fuskar. Sai suka ga wani zane mai zobe-zobe wanda ba na filatinum ba ne. A 1969 wani masani mai suna John May ya fassara zanen: wannan girafayit ne siriri ƙwarai ya kwanta a kan ƙarfen, har da mai falle ɗaya.

Kafin nan ma, a 1966, wasu masu bincike biyu, Karu da Beer, sun nuna cewa in ka tura iskar miten a kan nikel mai zafi, fatar girafayit mai kyawun tsari tana fitowa a kansa. Sannan a shekarun 1970 Jack Blakely da ɗalibansa a Jami'ar Cornell suka gano wani abu da ya zama mabuɗi. Sun ɗauki nikel da kabon ya riga ya narke a cikinsa, suna sauke zafinsa a hankali. A zafi mai tsanani, kabon yana ɓoye a cikin ƙarfen. Da zafin ya sauko wajen digiri 900, sai falle ɗaya tak ya bayyana a fuska, ya zauna haka a tazarar digiri kamar 100. In aka ƙara sanyaya shi, sai ƙarin fallaye su yi ta fitowa daga ƙasa suna taruwa.

Wannan hali na ƙarfe ba baƙo ba ne ga mutanenmu. Unguwar Makera tana nan maƙwabtaka da Kakuri, sunanta ma yana tuna mana da ƙira. Maƙerin da ya tura ƙarfe cikin garwashin gawayi yana zuga, ƙarfen nan shan kabon yake yi, kuma yawan kabon da yadda aka sanyaya shi su ke sa wuƙa ta yi kaifi ko ta yi taushi. Haka kuma ƙarfen zubi, irin na bulok ɗin injin tsofaffin motoci: da yana narke ya sha kabon da yawa, da ya huce sai ya amayar da shi a cikin jikinsa a matsayin ɓarɓashin girafayit. Ku tuna sukari a ruwan zafi. Ruwan zafi yana ɗaukar sukari mai yawa, in ya huce sai ka ga sukarin ya dawo ya daskare a gindin kofi. Nikel da kabon haka suke.

To me ya sa ba a yi shagali ba tun wancan lokacin? Saboda fallen yana manne da ƙarfe. Ƙarfe kuwa shi ma yana ɗaukar lantarki, don haka ba yadda za ka auna abin da fallen shi kaɗai zai iya. Ga masu binciken, sun fahimci dattin da ke kashe katalis, buƙata ta biya. Takardunsu suka kwanta a ɗakunan karatu kusan shekara 30.

SALATIF A MANCHESTER

Masu kallon ƙwallo sun san Manchester, amma kafin ƙwallo da auduga aka san garin. Masaƙunsa ne suka tufatar da rabin duniya a ƙarni na 19. Kamfanin da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa gwiwa da shi wajen kafa Kaduna Textiles, wato David Whitehead and Sons, daga yankin Lancashire yake, maƙwabcin Manchester. Har Kaduna kanta an yi mata laƙabi da Manchester ta Nijeriya.

A Jami'ar Manchester akwai wasu malamai biyu haifaffun Rasha, Andre Geim da Konstantin Novoselov. Suna da al'adar ware wani ɗan lokaci, galibi daren Juma'a, su gwada abubuwan da ba su cikin aikinsu na yau da kullum. Geim ɗin nan shi ne ya taɓa sa kwaɗo ya yi shawagi a iska da ƙarfin maganaɗisu, har aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2000.

Dabararsu ta girafin za ta ba ku dariya. Salatif suka manna wa girafayit suka ɓare, suka ninka salatif ɗin suka sake ɓarewa, suna ta maimaitawa har fallayen suka yi siriri, sannan suka danna shi a kan allon silikon. A cikin ɓarɓashin da ya rage akwai masu falle ɗaya. Wannan karon fallen ba a kan ƙarfe yake ba, don haka suka jona masa wayoyi suka auna. Sakamakon ya fito a mujallar Science a watan Oktoban 2004, ya girgiza masana. A 2010 aka ba su kyautar Nobel ta fiziks, Novoselov yana da shekara 36.

Sai dai akwai cikas. Ɓarɓashin salatif ƙanana ne, faɗinsu bai kai kaurin gashin kai ba, kuma sai ɗalibi ya wuni a gaban madubin ƙara girma yana farautarsu ɗaya-ɗaya. Ba a gina masana'anta a kan haka. Ana buƙatar girafin mai faɗi kamar yadi. Nan ne aka tuna da tsofaffin takardun masu binciken datti.

SHUKA DA TURURI

Hanyar da aka koma mata ana taƙaita sunanta da CVD. Ma'anarta shimfiɗa abu a kan wani abu ta hanyar tururin sinadari: ka tura gas a kan abu mai zafi, gas ɗin ya farfashe, wani sashensa ya zauna, saura ya wuce. Tsohuwar dabara ce. Tun wajajen 1880 masu yin ƙwan lantarki suke zafafa zaren ƙwan a cikin tururin mai don kabon ya lulluɓe shi ya ƙara masa ƙarko.

A 2008 da 2009 ƙungiyoyi da dama suka gwada ta da nikel, ciki har da ta Jing Kong a jami'ar MIT ta Amurka, da ta Byung Hee Hong a Jami'ar Sungkyunkwan ta Koriya ta Kudu. An sami girafin mai faɗi, amma ba bai-ɗaya ba: nan falle ɗaya, can uku, can goma. Dalilin shi ne abin da Blakely ya gani. Nikel soso ne, yana shanye kabon lokacin zafi, ya amayar lokacin hucewa. In ka sanyaya da sauri ka sami kaɗan, in ka yi jinkiri ya yi yawa, kuma amayarwar ta fi yawa a gaɓoɓin da ke cikin ƙarfen. Sarrafa shi sai gwani.

Sai a 2009 ƙungiyar Rodney Ruoff a Jami'ar Texas da ke Austin, da Xuesong Li a kan gaba, suka sauya ƙarfen. Suka ɗauko fallen jan ƙarfe, dangin wanda ke cikin wayar wutar gidanku, mai kaurin maikuromita 25, wato bai kai kaurin gashi ba. Ga yadda aikin yake tafiya, ku biyo ni a hankali.

Da farko ana sa fallen a cikin bututun gilashi na musamman mai jure zafi, a zuƙe iskar ciki, domin in da iskar oksijin kabon ƙonewa zai yi. Sai a kunna tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1000, ana tura haidurojin kaɗan-kaɗan. Ku lura fa, jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, tazarar ba ta da yawa. Haidurojin ɗin yana wanke tsatsar fuskar ƙarfen, zafin kuma yana daidaita ta.

Sannan a buɗe wa miten hanya, ɗan kaɗan. Miten shi ne babban abin da ke cikin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, kowace ƙwayarsa kabon ɗaya ne da haidurojin huɗu. Da ta sauka a kan jan ƙarfe mai zafi, sai dillali ya yi aikinsa, haidurojin ya rabu ya tashi, kabon ya rage.

A nan bambancin yake. Jan ƙarfe ba soso ba ne, faranti ne. Kabon da yake iya sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da nikel ke sha ba. Don haka kabon ba shi da wurin ɓuya, sai yawo a fuskar ƙarfe. In da yawa suka haɗu, musamman a wurin da ke da ƙarzuwa ko ƙura, sai su kama hannun juna su kafa ɗan tsibiri. Wannan shi ne iri. Duk sabon kabon da ya zo, gefen tsibirin yake kamawa, tsibiri ya yi ta faɗi, wani mai kusurwa shida, wani kamar fure. Haidurojin kuma yana nan yana sharar gefen, yana cinye wanda bai zauna daidai ba. Shi ya sa awon miten da haidurojin sai an yi shi da hankali: in wannan ya yi yawa a sami tarkace, in wancan ya yi yawa ya cinye shukar.

Daga ƙarshe tsibirai su haɗe, fuskar jan ƙarfe ta rufe ruf. Kun tuna abin da ke faruwa in an rufe fuskar dillali? Ciniki ya tsaya. Miten ya zo bai tarar da ƙarfen da zai farfasa shi ba, sai ya wuce abinsa. Aikin ya tsayar da kansa a falle ɗaya. A gwajin Texas, fiye da kashi 95 cikin ɗari na shimfiɗar falle ɗaya ne. Wato ainihin cutar da ke kashe katalis a matatar mai, ita ce ta zama sirrin nasara a nan.

YAYA SUKA TABBATAR?

Wani zai ce, ƙwayar zarra ba a ganinta, yaya aka san nikel yana sha, jan ƙarfe ba ya sha? Gwajin da suka yi a wannan shekara ta 2009, duk wanda ya taɓa aiki a masaƙa zai gane shi nan take. Kabon yana da iri biyu masu ɗorewa, mai nauyi 12 da mai nauyi 13, halinsu ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta. Ku ɗauke su kamar farin zare da baƙin zare. Sai suka riƙa tura miten mai farin zare na ɗan lokaci, su rufe, su tura mai baƙin zare, su rufe, haka dai bi da bi.

Bayan an gama suka haska shimfiɗar da na'urar Raman, wadda ta samo suna daga masanin Indiya C. V. Raman da ya ci Nobel a 1930. Na'urar tana bambance nauyin biyu. A kan jan ƙarfe suka ga zobe-zobe, fari a tsakiya, baƙi ya kewaye shi, fari ya sake kewayewa, daidai da yadda aka tura gas ɗin. Wannan ya nuna kowane kabon a fuska ya tsaya ya kama gefe. A kan nikel kuwa babu zobe ko ɗaya, fari da baƙi sun gauraye ko'ina, domin sun nutse cikin ƙarfen sun cakuɗe kafin su fito. Gardama ta ƙare.

SAURAN RINA A KABA

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Ku ɗauka masaƙa goma sun fara saƙa tabarma ɗaya, kowa daga kusurwarsa, kowa da inda ya fuskanta. Inda saƙarsu ta haɗu dole a sami tabo. Tsibiran girafin ma haka ne, mahaɗarsu tana rage ƙarfi, tana rage gudun lantarki. Don haka aka shiga neman yadda za a rage yawan iri. A 2013 ƙungiyar Texas ta nuna cewa ɗan oksijin kaɗan a fuskar jan ƙarfe yana toshe wuraren da iri ke kafuwa, har tsibiri ɗaya ya kai faɗin santimita. A 2017 masu bincike a Jami'ar Peking ta Sin suka bi ta wata hanyar: suka gyara jan ƙarfen kansa ya zama tsarinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, sai duk tsibiran suka fuskanci gefe guda suka haɗe babu tabo, a falle mai santimita 5 a faɗi, 50 a tsawo.

Sai kuma cire shi daga ƙarfen. Ana shafa masa wata roba siririya a sama ta riƙe shi, a narkar da jan ƙarfen a ruwan sinadari, irin wanda masu haɗa allon na'urorin lantarki ke amfani da shi, sannan a kamfato fatar da ke yawo a kan ruwa a ɗora ta a gilashi ko silikon, a wanke robar. A nan yake yagewa, a nan yake yamutsewa. Ko kafin nan ma yakan yi tamoji, domin jan ƙarfe yana tsukewa in ya huce, shi kuwa girafin ba ya bin sa. Duk da haka, a 2010 ƙungiyar Koriya tare da wani reshen kamfanin Samsung suka fitar da falle mai inci 30, suna naɗe shi a kan abin nadi kamar yadi a masaƙa, har suka yi allon taɓawa da shi. Daga ɓarɓashin salatif zuwa girman talabijin, shekara 6 kacal.

Kuɗi suka biyo baya. A 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin shekara 10 na yuro biliyan 1 a kan girafin. A 2015 aka buɗe cibiyar girafin ta ƙasa a Manchester, ginin da ya ci fam miliyan 61.

Amma mu faɗi gaskiya, girafin bai cika duk alkawuran da 'yan talla suka yi a madadinsa ba. Bai kori silikon daga cikin kwamfuta ba, domin lantarki yana gudu a cikinsa amma kashe shi yana da wuya, ita kuwa kwamfuta da kunnawa da kashewa take lissafi. Kuma a 2018 wani bincike da Novoselov kansa ke cikin marubutansa ya gwada kayan kamfanoni 60 masu cewa girafin suke sayarwa, aka tarar yawancinsu garin girafayit ne, girafin na gaske bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Saboda haka in wani ya zo muku a intanet da maganar zuba jari a girafin ku ninka kuɗi cikin wata guda, ku riƙe aljihunku.

ME YA SHAFE MU?

Muna yawan jin ana cewa Allah ya hore mana albarkatu, kuma gaskiya ne. A jihar Kaduna akwai girafayit a yankin Birnin Gwari. A 2016 an ba da sanarwar gano nikel a Dangoma, a kudancin jihar. Bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, miten zai ɗauko. Kun ga kayan haɗin duk sun hallara a takarda.

To amma ku ji wannan. A 2011 ƙungiyar James Tour a Jami'ar Rice ta Amurka ta ɗora biskit a kan fallen jan ƙarfe ta zafafa, girafin mai kyau ya fito a bayan fallen. Suka gwada ciyawa, ya fito. Suka gwada ƙafar kyankyaso da kashin kare, duk ya fito. Sun yi haka ne don su nuna cewa kabon ba shi da tsada, ko'ina akwai shi. Abin da ke da tsada shi ne iya riƙe tanderu a digiri 1000 na tsawon sa'o'i ba ya hawa ba ya sauka, da auna gas daidai, da na'urar da za ta gaya maka falle nawa ka samu, da mutumin da ya san dalilin kowane mataki. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar shuka, aikin ranar ya tafi. Tashar lantarki ta Kudenda mai megawat 215, a nan kudancin kogi, tun 2009 aka ba da kwangilarta, kuma kowa ya san shekarun da aka kwashe ana jira.

Kakuri ta riga ta koya mana wannan darasi da tsada. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri duk sun taru a kansu. Manchester ma masaƙunta sun mutu, tun kafin namu. Abin da ya rage mata shi ne jami'a da al'adar bincike, a garin da John Dalton ya kafa nazarin ƙwayar zarra a farkon ƙarni na 19, kuma Ernest Rutherford ya gano cibiyarta a 1911. Da auduga ta tafi, akwai abin da za a dafa a tashi.

Mu ma ba da hannu wofi muke ba. Akwai Kaduna Polytechnic da reshenta a Barnawa, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Zariya. Akwai dattawan da suka yi shekaru suna kula da tanderu da tukunyar tururi a matatar mai da masaƙu, suna zaune a Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha, da ilimin a kansu. Tanderun bututu da silindar gas ba su fi ƙarfin jami'a ba, in an ba ɗakin gwajin wutar da ba ta yankewa.

Ku kuma ɗalibai masu karanta kemistiri da fiziks da injiniyanci, da ku masu gareji da masu walda, ku riƙe wannan daga tarihin. Mutanen da suka buɗe hanyar nan ba girafin suka fita nema ba. Baƙin da ke ɓata musu aiki suka tsaya suka tambaya: daga ina yake fitowa, a wane zafi, me ya sa a kan wannan ƙarfe ya fi yawa? Suka auna, suka rubuta, suka adana. Bayan shekara 30 wasu suka buɗe rubutun suka ɗora. Baƙin da ke kan fulogin babur ɗinka ma yana da dalili, kuma ana iya auna shi.

Nan za mu dasa aya. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu dubi ɗan uwan girafin, wato girafayit da ke cikin batirin wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita, da yadda aka yi ya shiga can. Wanda ya taɓa aiki a matatar mai ko a masaƙun Kakuri, ko yake da mahaifi da ya yi, muna son jin yadda ake fama da kok da tanderu a wancan zamani. A tura wa abokai su ma su karanta.